Amsa Ga Mai Sauraro Daga Ƙofar Kware: Tsohuwar Fijo Za Ta Iya Jan Tirela?

 Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin amsarta tana da tsawo, kuma na tabbata ba mai ita kaɗai maganar ta shafa ba.

Wasiƙar ta fito ne daga wani bawan Allah mazaunin Ƙofar Kware a nan cikin garin Sakkwato, ya kuma roƙi a sakaya sunansa. Ya ce yana noman albasa a fadama wajen Kware, yana kuma ɗan taɓa sayar da hatsi. Yana da tsohuwar Fijo 504 mai but wadda ya gada daga mahaifinsa, har yanzu kuwa tana tashi da mabuɗi ɗaya. To tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin ɗauko kaya daga gona yana cinye masa riba. Sai wani mai walda ya ce zai ƙera masa 'yar ƙaramar tirela mai ƙafa biyu, ya liƙa masa ƙugiya a jikin bamba, ya riƙa ɗauko buhu goma na albasa a sawu ɗaya. Shi ne yake tambaya, ko motar za ta iya ja? In za ta iya, yaya ake ɗaura ƙarfen, kuma yaya ake tuƙin, tun da bai taɓa yi ba?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Ni dai ba makaniki ba ne, alli da allo na koya a kwalejin horon malamai kafin in zo gidan rediyo. Saboda haka sai na ɗauki wasiƙarka na zauna da makanikai da tsofaffin direbobi, lissafin kuma na yi da kaina, shi kam na koyar da shi shekaru.

Ja kam za ta ja. 504 ba motar wasa ba ce. Tun 1968 aka fara yin ta a Faransa, a nan gida kuma kamfanin Fijo na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya ci gaba da harhaɗa ta shekara da shekaru bayan Turawa sun daina, saboda ta dace da hanyoyinmu. Amma ja ba shi ne abin tambaya ba. Samari huɗu ma suna tura mota ta tafi. Ka taɓa ganin samari huɗu sun tsayar da mota a gangare? To nan maganar take. Mota tana iya jan abin da ba za ta iya tsayarwa ba, kuma ba za ka gane haka ba sai ranar da yaro ko akuya suka gitta maka.

Mu yi lissafi. Nauyin 504 ba kowa a ciki wajen kilo 1,200 ne. Babban buhun albasa irin wanda ake ɗinka wa hula yakan kai kilo 100, wani ma ya haura. Buhu goma kilo 1,000 ke nan. Ita kanta tirelar, da ƙarfenta da katakonta da tayoyinta, mu ce kilo 200. An tashi 1,200. Wato ka ɗaura wa motarka wata motar a baya, wadda ba ta da birki, ba ta da direba. Birkin da aka yi don mota ɗaya shi zai tsayar da biyu, nisan da kake bukata kafin ka tsaya ya kusa ninkawa ke nan. In kuwa ka taka birkin a kan kwana, nauyin nan ba zai jira ka ba, tura gindin motar zai yi gefe, ka ga tirela ta naɗo ta zo ta same ka ta taga.

A ƙasashen Turai, inda jan ƙaramar tirela da motar gida abu ne na yau da kullum, an daɗe da yanke ƙa'ida a kan haka. Tirelar da ba ta da birkin kanta, ita da kayanta, kada ta wuce rabin nauyin motar, kuma ko motar ta kai girman me, kada ta wuce kilo 750. Ba don hanyoyinsu ba su da kyau suka yi haka ba, sun fi namu. To rabin 1,200 shi ne 600. Cire 200 na tirelar, saura 400. Buhu huɗu na albasa ke nan in ba su cika ƙato ba, in sun cika, uku. In gero ne na kilo 100, huɗu. In taki ne ko siminti mai kilo 50, takwas. In ruwa ne, duro biyu, domin lita ɗaya kilo ɗaya ce. Kuma fa wannan in ba ka cika but da kujerar baya da wasu buhunan ba, ka kuma ɗauki ma'aikata biyar a ciki.

Akwai tirela mai birkin kanta, wadda in mota ta rage gudu wuyan tirelar yake matsewa ya kama birkin ƙafafunta. Da irin wannan, ƙungiyoyin masu jan tirela a Ingila suna ba sabon shiga shawarar kada ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motarsa. A taka motar wajen kilo 1,000 ke nan har da tirelar. Ko da ita ɗin ma buhu goman ba su shiga ba, balle ga motar da ta ba shekara ashirin baya.

Saboda haka gaskiyar da zan faɗa maka, ko da ba ita kake son ji ba, ita ce: in don buhu goma za ka kashe kuɗin nan, kada ka fara. Ku haɗa kuɗi da maƙwabtan gonarka ku ɗauki a-kori-kura ranar kwasa. Inda 'yar tirela take biyan kuɗinta shi ne kaya mai cika wuri marar nauyi: injin ban ruwa da tiyonsa, harawa, karan dawa, kwanduna, buhunan taki 'yan kaɗan lokacin shuka. Kware ba nisa gare ta ba, sawu uku da buhu uku-uku ya fi sawu ɗaya da ba a iso ba. Ka zauna ka lissafa man sawu ukun da kuɗin ƙera tirelar, ka gwada da kuɗin haya na shekara. In lissafin ya fita, to bismilla, ga yadda ake yi.

Maganar liƙa ƙugiya a bamba, ka manta da ita. Bamba ado ce da kare ɗan gogen juna, ƙananan ƙusoshi ne ke riƙe da ita. 504 mai but kuwa ba ta da shasi daban irin na babbar mota, jikin ne da kansa shasin. Ƙarfinta a baya yana cikin wasu dogayen ƙarafa biyu da suka bi ƙarƙashin but, ɗaya dama ɗaya hagu. A jikinsu ake ɗaura ƙarfen ja, ya ratsa daga wannan zuwa wancan, domin nauyin ya rabu.

Kafin ka sayi komai, a hau da motar kan rami, ko a ɗaga ta a tokare da kyau, kai da makaniki ku leƙa da tocila. Ɗauki sukundireba ka riƙa caka wa ƙarafan nan biyu da ƙasan but. In ka ji ƙarar ƙarfe, madalla. In ta nutse, ko ɓawon tsatsa ya zubo maka a fuska, to magana ta ƙare, wannan motar ba ta jan komai sai an gyara wurin. Wani zai ce ai Sakkwato ba ta da laima, ina tsatsa za ta fito? Tana fitowa. Motar da ta yi shekaru tana ratsa ruwan fadama, wadda aka sha zuba wa taki da gishiri a but, daga ciki take ruɓewa fenti na ƙyalli a waje. Motocin Beljiyam kuma da tasu tsatsar suke zuwa, saboda gishirin da ake watsa wa tituna can lokacin ƙanƙara. A duba kuma ko an taɓa bugun motar ta baya aka miƙe aka shafe da ciko. Ƙarfen da ya taɓa lanƙwashewa bai koma yadda yake ba.

Sai maganar walda, a nan ne muke saɓawa da abokinka. Ni ba na raina masu walda, su ne za su ƙera maka ƙarfen jan da kansa, a ƙasa, da ƙarfe mai kauri. Amma haɗa shi da jikin mota da ƙusa da noti ake yi, ba da wuta ba. Jikin mota falle ne marar kauri, wuta tana cinye shi ta raunana gefen ɗinkin, sa'an nan ya riƙa tsagewa a hankali ta inda ido ba ya gani. Ƙusa kuwa in ta saki za ka gani, ka ɗaure. A sa faranti na ƙarfe mai faɗi ta ɗaya gefen domin kada kan ƙusar ya yage fallen. Ƙusoshin kuma ka duba kansu, ka ga an buga 8.8, ita ce alamar mai ƙarfi, ba irin ta ƙofar gida ba. Bayan sawu biyu ko uku na farko a sake bin su da sifana. Kada ka manta tankin mai yana nan baya kusa da wurin aikin, kada a kawo wuta ko tartsatsi kusa da shi, a kuma cire kan batir kafin a fara. Sa'an nan a tabbata ƙarfen bai tare hanyar sauko da safaya ba, bai kuma jingina da salansa ba.

Wasu motocin Beljiyam da ƙarfen jansu suke zuwa, saboda haka akan same shi a wurin masu kayan gyara na kwance. Sai dai kowace mota da nata, na Golf ba zai zauna a Fijo ba. Kada a hura ramuka a tilasta shi.

Mahaɗar iri biyu ce. Akwai ƙwallon ƙarfe wanda bakin tirela yake hawa ya kulle. Na Turai faɗinsa milimita 50 ne, na Amurka kuwa da inci ake auna su, sun ɗan bambanta, kuma wannan ɗan bambancin ya isa ya sa baki ya ƙi kullewa ko ya fice a kan rami. Ka sayi ƙwallon da bakin tare. In motar tana ɗauke da kayanta, tsakiyar ƙwallon ya kasance tsakanin santimita 35 da 42 daga ƙasa, a taƙaice dai tirela ta tsaya daidai, ba ta ɗaga hanci ba, ba ta duƙa ba. Ɗaya irin kuma shi ne zobe da ƙusa kamar na tarakta, shi masu waldarmu suka fi yi. Ba laifi, muddin ƙusar mai kauri ce kuma tana da 'yar makullinta a ƙasa da za ta hana ta tsalle. Ba guntun rodi ba.

Na tsaya a kan wannan ne domin na taɓa gani da idona. Shekarun baya ina tsaye bakin hanya ranar kasuwa, wata mota ta zo da 'yar tirela ɗauke da injin niƙa, ta faɗa rami, ƙusar ta yi sama. Mota ta wuce, tirela ta kama hanyarta ita kaɗai, ta sauka titi ta shiga rumfar mai shayi. Allah ya taƙaita, ƙafar wani yaro ce ta karye. Direban sai da ya yi nisa kafin ya san ba ya jan komai. Da akwai sarƙa, da abin bai kai haka ba. Saboda haka sarƙa biyu, daga wuyan tirela zuwa jikin ƙarfen ja, a gitta su ta ƙarƙashin wuyan, domin in mahaɗa ta saki wuyan ya faɗa kansu maimakon ya caki ƙasa. A bar musu sakin da zai isa yin kwana, amma kada su ja ƙasa.

Fitilu kuma tilas ne. Tirela tana rufe fitilun bayan mota, mai bin ka ba zai san ka taka birki ba. A ja mata wutar birki da ta sigina da ta dare, mai aikin wayarin ya yi ta da soket, ba murɗe-murɗen waya da leda ba. A manna mata jan abin nan mai ƙyalli in an haska shi. Tayoyinta kada a ce ai tirela ce a sa mata waɗanda aka yar. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, wato 2319 mako na 23 ne a 2019. Boris ɗin ƙafafun a cika su da giris. In ka yi tafiya kaɗan ka tsaya ka taɓa tsakiyar ƙafar, in ba ta taɓuwa don zafi, akwai magana.

Yanzu lodi, wanda shi ma yake kayar da mutane da yawa. Ka san amalanke: in aka tara kaya a baya, hannun yana ɗagawa sama har ya nemi ɗaga mai turawa. Haka tirela take. In nauyin ya koma baya, wuyanta yana ɗaga gindin mota, ƙafafun baya su rasa riƙon ƙasa, da ka ɗan yi gudu sai ta fara kaɗa wutsiya dama da hagu, kowace kaɗawa ta fi ta baya. In kuma ka tara shi duka a gaba, gindin mota ya zauna, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwaf, fitila tana haska sama. Abin da ake so, kamar kashi shida cikin goma na kayan su kasance gaban ƙafafun tirela, mai nauyi a ƙasa kusa da ƙafafun. Wuyan ya danna ƙwallo da kilo 40 zuwa 50 ga tirela irin taka. In kana da sikelin awon kaya ka auna. In babu, kama wuyan da hannu biyu: ya ɗagu, amma sai ka yi nishi. In ya ɗagu da yatsa biyu, sake lodi. A ɗaure kaya tamau kada su gangara baya a kan hanya. Duro rabin ruwa ya fi cikakke haɗari domin ruwan yana tambal-tambal, haka ma dabba a tsaye. Mutum kuwa, babba ko yaro, ba ya hawa tirela, ko daga nan zuwa bakin gada ne.

In ta fara kaɗa wutsiyar nan, zuciyarka za ta ce taka birki. Kada ka taka da ƙarfi. Kada kuma ka bi masu cewa a ƙara wuta ta miƙe. Ɗaga ƙafa daga totur a hankali, riƙe sitiyari sosai a miƙe, kada ka yi ta bin ta dama da hagu, ka bar gudu ya mutu da kansa. In ta lafa, sauka gefe ka gyara kaya.

Gudu fa? Littafin dokokin hanya na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ya sa wa motar janwe kilomita 45 a awa in tana jan wata, ko a cikin gari ko a babbar hanya. In ƙwararru masu motar da aka yi don ja an tsayar da su nan, kai sabon shiga da tsohuwar Fijo ba ka da dalilin wuce haka. Ka riƙe wannan ma: in ka ninka gudu, nisan tsayawa ba ninki biyu yake yi ba, huɗu yake yi. Hanyar da ta bi ta Kware da Gwadabawa zuwa Illela kuwa ka fi ni saninta, ga manyan motoci, ga babura, ga shanu da raƙuma, balle ranar Lahadi da Illela ke ci. In babbar mota za ta wuce ka, iskarta tana tura tirela, ka rage gudu tun kafin ta iso. Ratar da ka saba bari tsakaninka da na gaba, ninka ta. A kwana ka buɗe, domin ƙafafun tirela ta ciki suke yankewa, nan ake taka tiren mai talla ko a faɗa kwata.

Garin Sakkwato a kan tudu yake, gonarka kuma a fadama. In za ka fita da taki gangara za ka yi: sa giya ta biyu tun daga sama, inji ya riƙe maka, kada ka kwanta a kan birki har ya yi zafi ya daina kamawa. In za ka dawo da albasa hawa za ka yi, kuma lokacin kwasar albasa shi ne lokacin da zafin garin nan yake haura digiri 40. A wanke lagireto, a duba fambel da tiyoyin ruwa, idonka na kan allurar zafi. Kada ka riƙe mota a kan tudu da kuloci, ja birkin hannu. Ka fito da sassafe. Birkin motar ma, da man birkin, a sabunta su kafin ranar farko, shi ne kuɗin da bai kamata a yi ƙyashinsa ba a duk aikin nan.

Ribas shi ne abin dariya, kowa sai ya sha kunya a cikinsa, kuma gajeriyar tirela ta fi doguwa gardama. Dabarar ita ce ka kama sitiyari ta ƙasa da hannu ɗaya, duk gefen da ka kai hannun, can gindin tirela zai nufa. Kaɗan-kaɗan ake juyawa. In ta fara naɗewa, kada ka yi jayayya da ita, ja gaba ka miƙe ka sake. Je filin ƙwallo da yamma da tirela ba kaya, ka jera duwatsu, ka yi kwana uku kana koyo. A lungunan unguwa kuwa, inda yara ke wasa a bayanka ba ka ganin su, sauke kayan, kwance ta, ku tura da hannu.

Wasu masu sauraro sun sha tambaya a kan jan motar da ta mutu da igiya. A gurguje: a ɗaura a zoben da aka yi don haka, ba a bamba ba. Igiyar kada ta wuce mita huɗu da rabi, a ɗaura mata jan tsumma a tsakiya don mai babur ya gani. Na baya ya murɗa mabuɗi kada sitiyari ya kulle, ya kuma sani in inji ba ya aiki birki yana tauri ƙwarai. Mota mai giyar otomatik kuwa ba a jan ta nesa da ƙafafunta a ƙasa.

Abu na ƙarshe, Malam, kafin ka hau titi ka biya ofishin masu duba lafiyar motoci da na jami'an kiyaye haɗurra, ka tambaye su abin da suke bukata na lamba da takardun tirelar, ka ji daga bakinsu. In an gama ɗaura ƙarfen, rubuto mana nauyin tirelar da sikeli ya nuna, mu sake lissafin tare a wannan fili. Mako mai zuwa za mu ɗauki wasiƙun da suka taru a kan ajiyar albasa a rudu. Sai mun ji daga gare ku, a huta lafiya.